Yadda Za Ku Haɗa Hannu Ku Gina Ƙaramar Tashar Jirgin Ƙasa a Kan Tebur

Duk wanda ya tashi a garin da ake noman dawa ya san motar kara. A fere kara, a tsaga ɓawonsa a mayar da shi ƙusa, a yanko tsohon silifas a yi tayoyi, sai ga mota ana ja da zare. Kuma ba a cika ganin yaro ɗaya yana ƙera ta shi kaɗai ba: wani ne gwanin taya, wani na bodi, wani kuma aikinsa nemo kara mai kyau. Aikin da zan yi bayani a nan yayan wannan wasa ne. Ana shimfiɗa ɗan siririn layin dogo a kan katako, a sa masa wutar lantarki, ƙaramin jirgi ya riƙa tafiya da kansa, sannan a gina masa gari da gonaki da itatuwa, kowane abu a kan awo ɗaya.

A Turai sha'awar ta daɗe. Kamfanin Märklin na Jamus ya baje jiragen wasa masu dogon da ake harhaɗawa a kasuwar baje koli ta Leipzig tun 1891, a Landan kuma akwai ƙungiyar masu wannan sha'awa da aka kafa a 1910, tana nan har yau. A birnin Hamburg, wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, sun buɗe Miniatur Wunderland, wani gidan nuna irin waɗannan ƙananan jirage, a 2001, inda tsawon ɗan dogon da aka shimfiɗa ya haura kilomita 15. Bidiyon wannan wuri ya sa mutane da yawa sha'awa, ya kuma karya wa da yawa gwiwa, don sun ɗauka sai da katafaren gini da dukiya ake farawa. Shawarata ita ce ku taru ku uku ko huɗu, ko uba da 'ya'yansa, kowa ya ɗauki falle ɗaya da zai iya gamawa, a yi su yadda za su haɗu da juna. Sauran bayanin duk a kan haka na ɗora shi.

Zaman farko: kada a sayi komai

Ranar farko takarda da biro kawai ake buƙata. Abin da za a fara yankewa shi ne awo, wato sau nawa za a rage girman abin gaske. Awon da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, kashi 1 cikin 87, kuma tsakanin ƙarafan dogonsa milimita 16.5 ne. Mutanen Ingila sun fi amfani da OO, 1 cikin 76, a kan dogo mai faɗi iri ɗaya da na HO. Akwai N, 1 cikin 160 a kan dogo mai milimita 9, wanda ya dace da mai ƙaramin ɗaki. Japanawa na yin nasu N ɗin a 1 cikin 150. Akwai ma Z, 1 cikin 220, wanda Märklin ya fito da shi a 1972.

Ni HO nake zaɓar wa masu farawa. Yatsun yaro da idon dattijo duka suna iya aiki da shi, kayansa na hannu sun fi sauƙin samu, sannan ƙura ba ta saurin tsayar da shi kamar ƙananan. Wanda ya san hunturu ya san wannan na ƙarshen babban dalili ne.

Akwai wani batu da ya shafe mu kai tsaye. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 faɗinsa milimita 1,435 ne. Raba shi da 87, za ka samu kusan 16.5. Amma tsohon layin da ya iso Kano a 1911, ya miƙa Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930, faɗinsa milimita 1,067 ne, wato ƙafa uku da rabi. A awon HO wannan zai zo wajen milimita 12. Ana sayar da dogo mai wannan faɗi, sai dai yana da tsada kuma kayansa ba su da yawa. Mutanen New Zealand, da dogonsu yake daidai da namu tsohon, sukan yi gini a awon 1 cikin 64 a kan dogon HO, lissafi ya fita kusan daidai, amma fa sai sun ƙera taragai da hannunsu. A tashar farko ku yi amfani da HO yadda yake. Milimita huɗu da ɗoriya ba za su hana kowa gane garinsu ba.

Bayan awo sai yarjejeniyar mahaɗa, kuma a nan nake so a daɗe. Falle ɗaya na katakon filawud, mai ƙafa 8 da ƙafa 4, yana ba da allo shida masu tsawon santimita 122 da faɗin kusan 40. Kowa ya ɗauki ɗaya. A tsakiyar allonsa ya yi abin da ransa ke so, gada ko kasuwa ko fadama, amma bakin allo na kowa ne, dole ya bi doka. A rubuta: tsakiyar dogo zai kasance santimita 15 daga gefen gaba, dogo zai iso baki a miƙe, santimita 10 na ƙarshe babu lanƙwasa, ƙasa a baki shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu ba kwari, jar waya ta ƙarfen gaba ce, baƙa ta na baya. A fitar da ɗan katako guda mai ramuka biyu ya zama ma'auni, kowa da shi zai huda bakin allonsa. Haka manyan ƙungiyoyi suke yi. FREMO, wadda aka kafa a Jamus a 1981, mambobinta kan zo daga ƙasashe daban-daban da allunansu a bayan mota, su haɗa su a babban zaure su zama layi ɗaya, alhali wasu ba su taɓa ganin allon juna ba. Tsarin T-TRAK da ya samo asali a Japan allonsa ɗaya milimita 308 ne kacal, yana shiga jakar hannu.

A wannan zama kuma a yi maganar kuɗi ƙeƙe-da-ƙeƙe. Kan jirgi, taragai, dogo da na'urar tuƙi su ne ake yin oda daga waje, su ne kuma masu tsada. Ko a yi karo-karo su zama na kowa, ko mutum ɗaya ya saya kowa ya san nasa ne. Allo na mai shi ne, ranar da aiki ya ɗauke shi zuwa wani gari ya tafi da abinsa, sauran su matso su haɗe. Na ga zumunci ya yi tsami a kan kan jirgi guda ɗaya saboda ba a faɗi wannan tun farko ba.

Ku je ku ga tasha

Kafin zane, ku tafi wata tasha ta gaske, ƙarama ta fi. Ku gaida ma'aikata, ku nemi izini kafin ɗaukar hoto, kada kowa ya tsaya a kan dogo. Ku lura da abin da ido ya saba tsallakewa: launin tsakuwar da ke ƙarƙashin dogo, inda baƙin mai ya ɗiɗɗiga, ciyawar da ta cinye layin da aka daina bi, tankin ruwa, sito, allon sunan gari, hanyar ƙafa da mutane suka fitar don tsallakawa. In akwai tsohon ma'aikacin reluwe a unguwa, ku kai masa goro ku zauna. Shi zai gaya muku wane layi ake loda gyaɗa, wanne ake sauke gishiri da kananzir, a ina ake tsayar da taragon shanu.

Sannan ku tsayar da wuri ɗaya da lokaci ɗaya. Misali, ƙaramar tasha a hanyar Nguru a shekarun 1960, bayan kaka, ana lodin gyaɗa. Wannan magana guda ita za ta raba duk gardamar da za ta taso daga baya. In wani ya zo da motar zamani ko ciyawa kore shar, sai a tuna masa shekara da wata.

Allo

Filawud mai kaurin milimita 9 ya isa. A yi masa firam ta ƙasa da busasshen katako mai tsayin kamar santimita 7, da ƙarin sanda a gicciye duk bayan santimita 40, a huhhuda sandunan don wayoyi su wuce. A haɗa da farin gam na kafintoci da ƙusa mai zare. Ku gaya wa kafinta ƙarara cewa lebur kuke nema; a ɗora allon a kan siminti mai kyau, in yana rawa a gyara tun yanzu.

A shafe shi da fenti ko banish ciki da waje, har gefuna. Katako yana shan laima da damina ya kumbura, ya tsuke da rani, wanda aka shafa wa fuska ɗaya kuwa sai ya banƙare. A sa maganin gara, kuma kada a jingina shi da bangon ƙasa. Alluna biyu ana ɗaure su da noti biyu masu kaurin milimita 8. Wanda zai yi kwari ko gada sai ya ɗora farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firji, kaurin santimita 3 zuwa 5, ya samu abin da zai rarake. In haka ne kowa ya ɗora kauri iri ɗaya, ko a daidaita da ƙafafu, don saman dogo ya zo daidai.

Shimfiɗa dogo

Ku sayi dogon da aka yi da gaurayen ƙarfen da ake kira nikel silba, irin na kamfanin Peco ko Atlas, ku guje wa tsohon na baƙin ƙarfe mai tsatsa. Akwai gutsattsari masu lanƙwasa tsayayya, akwai dogaye masu kusan santimita 91 da ake lanƙwasawa yadda ake so. A HO kada kwana ta matse fiye da da'irar da daga tsakiyarta zuwa dogo santimita 46 ne. Hawa kuma kada ya wuce santimita 2 a kowace mita. A allon farko ma ku bar hawa gaba ɗaya.

Ba dole ba ne jirgi ya riƙa zagaye. Da'ira tana cin wuri, kuma bayan minti goma kowa ya gaji da kallo. Tsarin da nake ba da shawara shi ne wanda wani Bature ɗan Ingila, Alan Wright, ya shahara da shi da sunan Inglenook: layi ɗaya ya shigo, ya rabu uku ta hanyar masauyan layi biyu. Reshe ɗaya yana ɗaukar tarago 5, sauran biyun 3-3, layin shigowa kuma yana ɗaukar kan jirgi da tarago 3. Da gajerun taragai, alluna biyu sun ishi wannan har da sarari. Ku auna da taraganku na gaske, a jera su a kan takarda a zana, kada a dogara da ƙiyasi. Kada masauyin layi ya faɗo a kan mahaɗar alluna.

A fara kafa masauyan, sauran dogon ya biyo su. A manna da siririn gam a danne da littattafai, ko a kafa da ƙananan ƙusoshi ba tare da an danne su har dogo ya lotsa ba. Duk bayan gaɓa ɗaya, mutum ya sunkuya ya sa idonsa daidai da ƙarfe ya hango tsawonsa. Karkacewar da ba a gani daga sama nan take za ta bayyana. A tsakanin ƙarfe da ƙarfe a bar 'yar tazara kamar kaurin katin waya. Mita ɗaya ta wannan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan sulusin milimita in zafi ya hau da digiri 20, katakon kuma yana nasa motsin, in babu wurin numfashi sai dogo ya tanƙware a watan Afrilu.

Ga yadda ake tsallake mahaɗa. A ɗaure alluna biyu tam, a kafa ƙananan ƙusoshin tagulla masu zare a ƙarƙashin inda kowane ƙarfe zai bi, ɗaya a kowane gefen mahaɗar, a shimfiɗa dogo ya ratsa kai, a like ƙarfen da kan ƙusar da dalma, sannan a yanka dogon da siririn zarto daidai kan tsagar. A goge bakin da ɗan magagari. In alluna za su riƙa sauya maƙwabta, sai a ƙare kowane dogo da ma'aunin nan na katako, a gwada shi da allon kowa ɗaya bayan ɗaya.

Wuta

Hanya biyu ce. A tsohuwar, na'ura tana aika wuta daga sifiri zuwa bolt 12 cikin dogo. Ƙarin wuta ƙarin gudu, juya ta kuma juya jirgi. Kan jirgi ɗaya ake tuƙawa a lokaci guda. A sabuwar, da ake kira DCC, wuta tana cikin dogo kullum, kowane kan jirgi yana da 'yar na'ura a cikinsa mai lamba, sai a kira shi da lambarsa. Sababbi galibi da lamba 3 suke zuwa. Kamfanin Lenz na Jamus ne ya ƙirƙiro tushenta, ƙungiyar NMRA ta masu wannan sha'awa a Amurka ta mayar da ita ƙa'ida a shekarun 1990. Da ita mutum biyu za su iya tuƙa jirage biyu a layi ɗaya. Ga tasha mai kan jirgi guda, tsohuwar ta wadatar, sai dai a sayi kan jirgin da aka tanadar masa gurbin na'urar don gaba.

Ku duba jikin taransifoma kafin ku soka. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Wadda aka yi wa can kawai, sokawa ɗaya za ta ƙone. In kuma wuta ba ta zama a unguwarku, batirin bolt 12 irin na babur ko na sola zai tuƙa jirgin tsohon tsari ta hanyar ɗan allon rage gudun ƙaramin injin lantarki da masu kayan lantarki ke sayarwa, da makunnin juya waya. Amma batir ba ya da tausayi in wayoyi suka haɗu, yana iya narkar da robar dogo. A sa fis mai amfiya 2, a kuma ratsa wayar ta cikin ƙwan sigina na mota mai wat 21: in an samu haɗuwa ƙwan zai kama, ya shanye wutar, ya kuma sanar da ku.

Kada a dogara da 'yan maƙalan da ke haɗa ƙarfe da ƙarfe su kai wuta, suna saki da tsufa. A ja wayoyi biyu masu kauri a ƙarƙashin allo daga baki zuwa baki, daga cikinsu a ɗago sirara zuwa kowace gaɓar dogo, a like da dalma ta gefen waje don kada ƙafar jirgi ta yi karo. Tsakanin allo da allo a sa abin sokawa da cirewa.

Daga nan sai a dakata. Mako biyu, ko uku, a yi ta tuƙa jirgi a kan katako tsirara, gaba da baya, a hankali, kowane tarago ta kowane masauyi. Inda ya tsaya ko ya sauka a yi alama da alli a gyara. Na san zuciya tana gaggawar ganin itatuwa, musamman ta yara. Amma gyaran da zai ɗauki minti biyar yau, in tsakuwa da gam suka rufe shi sai an fasa aikin wata guda.

Ƙasa da abin da ke kanta

Yanzu aka zo inda kowa ke da abin yi, kuma kusan komai a gida yake. A fara da fentin gefen ƙarafan dogo da ruwan tsatsa, a goge samansu tun fenti bai bushe ba. Tudu ana yin sa da farin soso, a jera a fere da wuƙa, a lulluɓe da tsumma ko takardar jarida da aka tsoma cikin farin filastan da ake silin da shi. Farin gam kawai ake sa wa soso. Gam mai warin fetur yana cinye shi. Kada a cika tudu. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ɗan kwarin rafi da dutse ɗaya a can gefe sun fi kama da gaskiya.

Babu fentin da ya kai ƙasar gaske. A ɗebo jar ƙasa, farin yashin rafi da baƙar ƙasar fadama, a shanya su bushe ƙayau, a soya a tsohuwar tukunya don ƙwari da irin ciyawa su mutu, a tankaɗe da rariya, a sake tacewa da matacin shayi. Sannan a ratsa maganaɗisu a ciki. Wannan matakin kada a tsallake shi: yashi yana ɗauke da garin ƙarfe, injin jirgi kuma akwai maganaɗisu a cikinsa, zai zuƙe shi ya lalace. A shafa wa allo fenti mai launin ƙasa, a shafa gam, a barbaɗa. A cakuɗa launuka, domin babu filin da yake da launi ɗaya. Hanyar ƙafa ta fi haske, gindin bango ya fi duhu.

Tsakuwar dogo ita ce yashin da ya tsaya a matacin shayi, ƙwayar da ba ta kai milimita ɗaya ba. A zuba da cokali, a baje da busasshen burushi har kan katakan dogo ya fito fes, a ƙwanƙwasa ƙarfe da cokalin don ragowar su gangara. A fesa ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke daga nesa har ta jiƙe, sannan a ɗiga gam da aka sirka rabi da rabi da ruwa, da sirinji. A bar shi kwana ɗaya cur. Kusa da harshen masauyi kada gam ya je, a riƙa motsa shi lokaci-lokaci har komai ya bushe.

Busasshiyar ciyawa daga igiyar rama take fitowa: a warware, a yanka santimita ɗaya zuwa biyu, a tsoma gindin a gam a dasa tsibi-tsibi. Garin katako da aka rina ya zama gajeriyar ciyawa. Gonar da aka girbe kuwa, a ja kunyoyi da tsinken tsintsiya tun ƙasa na da danshi, a tsayar da bukkokin kara da siraran zaren buhu.

Itace ana murɗa shi da wayar lantarki mai silli da yawa. A feɗe robar, a murɗe ƙasa ya zama gindi, a rarraba sama ya zama rassa, a shafe da gam haɗe da garin katako. Ganye kuma soson tsohuwar katifa ne da aka gurza aka rina. Darbejiya mai mita 10 za ta zo santimita 11 da rabi, kuma kusan kowa yakan yi itatuwansa gajeru fiye da kima, don haka a auna. Kuka ita ce ta fi daɗin yi: a naɗa tsumma a gindi har ya yi kauri, a shafe da filasta, a yi mata fenti toka-toka, a bar ta ba ganye tunda rani ne. Kuka ɗaya mai kyau a bayan tasha ta isa ta gaya wa mai kallo inda yake.

Lissafin gini ɗaya ne: a auna abin gaske da milimita a raba da 87. Ƙofa mai mita 2 ta zama milimita 23, bango mai mita 3 ya zama 34, mutum kuma wajen 20. A yanka kwali mai kauri da reza da rula ta ƙarfe, a ƙarfafa kusurwoyi daga ciki. Ginin ƙasa a shafe shi da tataccen garin jar ƙasa da gam, a dandanna da yatsa, a rage kaifin kusurwa, a ɗora zanko a saman zaure, a fito da indararo da ɗan guntun tsinke. Kwanon rufi daga takardar alminiyam yake: a ɗora ta a kan abu mai siraran layuka a goga, a yanka falle-falle, a taɓa da ruwan tsatsa. Dalar gyaɗa a yi cikinta da kwali, buhunan waje kawai za a mulmula da yumɓu, kowanne kamar santimita ɗaya. Wannan aikin yara ne, kuma za su yi ɗaruruwa suna hira.

Wasu a cikinmu ba sa son ajiye mutum-mutumi a gida, kuma tasha ba ta rasa rai saboda haka. Keke a jingine da bango, tabarma da buta a inuwa, takalma a ƙofar masallaci, shanya a kan igiya, teburin mai shayi da bencinsa, duk suna nuna akwai mutane, sun ɗan shiga ciki ne.

A bayan allo a kafa wani siririn katako mai tsayin santimita 30 a yi masa sararin sama, shuɗi a can sama, yana komawa fari-fari yayin da yake saukowa. A yi wa dukkan alluna wannan fenti rana ɗaya daga gwangwani ɗaya, haka ma ƙasar bakin allo daga buhu ɗaya, in ba haka ba mahaɗa za ta fito kamar faci. A ƙarshe a kashe ƙyallin komai. A kankare alli mai launin ƙasa da gawayi, a shafa da busasshen burushi a ƙasan taragai, kan rufi, gindin bango. Kaɗan-kaɗan, a ja baya a duba.

Ranar tuƙi

Taragai 8 ake bazawa a rassan nan uku. Kowanne yana da kati mai lambarsa, a zuba katunan a hula, ƙaramin cikinku ya zaro 5 ɗaya bayan ɗaya. Aikin shi ne a harhaɗa waɗannan biyar a dogon reshe bisa jerin da suka fito. Jeri 6,720 ne ke iya fitowa, don haka ba a maimaita wasa. Mutum ɗaya direba, ɗaya mai sauya layi da kwance taragai, ɗaya shugaban tasha mai ba da umarni, kuma direba ba ya motsawa sai an ɗaga masa hannu. Bayan kowane jeri a yi musaya.

A tuƙa a hankali. Gudun kilomita 40 a awa, a awon HO, santimita 13 ne a daƙiƙa, wato mita ɗaya a daƙiƙa takwas, a cikin tasha kuwa ko rabin haka bai kamata a kai ba. Jirgin da aka tsuga wa wuta abin wasa yake komawa nan take, komai kyawun garin da aka gina masa.

Kafin a fara, a goge saman dogo da tsumma mai ɗan sifirit, a goge ƙafafun kan jirgi. Kada a taɓa sa samfefa, tana barin ƙarce da datti ke maƙalewa. Mai kuwa ɗigo ɗaya a bakin allura ya isa, kuma wanda ba ya cin roba. In an tashi, kan jirgi da taragai su koma kwalinsu, allo kuma a rufe shi da murfin kwali ko leda a kan firam don kada ta taɓa itatuwa, a ajiye inda rana ba ta bugu kuma ɓera ba ya kaiwa. A ajiye ɗan littafi kusa, duk inda tarago ya sauka a rubuta wurin da lambarsa. In tarago ɗaya ne ke sauka a wurare daban-daban, a duba tazarar ƙafafunsa. In wuri ɗaya ne ke kayar da taragai daban-daban, dogon ne, kuma shi za a fara gyarawa a zama na gaba kafin a buɗe gwangwanin fenti.